An kawo mini yara masu buƙata ta musamman ajina, daga ina zan fara?

Tambaya: Ni malamar firamare ce, ina riƙe da aji uku mai yara da yawa. A wannan zangon an kawo mini yara uku: yarinyar da ba ta ji sosai, da yaro mai wayo da iya magana amma har yanzu ba ya iya karanta jimla ɗaya, da wani yaron da ba ya zama wuri ɗaya, ba ya kallon mutum, wani lokaci sai ya fashe da ihu. Ban taɓa samun horo kan irin waɗannan yara ba. Shin ba makaranta ta musamman ce ta fi dacewa da su ba? In kuma dole su zauna, yaya zan koyar da su ba tare da na cuci sauran ba?

Amsa: Malama, yaran nan za su iya koyo a ajinki, amma sai an canza wasu abubuwa a yadda ajin yake tafiya, kuma akwai ɓangaren aikin da bai kamata a jibga miki ke kaɗai ba.

Yana da kyau ki san dalilin da ya sa aka kawo miki su, kada ki ɗauka shugaban makaranta ne kawai ya ga dama. A watan Yunin 1994 wakilan gwamnatoci 92 da ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa 25 suka taru a birnin Salamanka na ƙasar Sifen ƙarƙashin UNESCO, suka amince cewa makarantun kowa da kowa su ne ya kamata su karɓi dukkan yara, kuma makarantar ce za ta gyara kanta ta dace da yaron. A Disambar 2006 Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da yarjejeniyar haƙƙin masu naƙasa, sashe na 24 na cikinta ya ce kada a hana yaro shiga tsarin ilimi na gama-gari saboda naƙasarsa, a kuma ba shi tallafin da yake buƙata a cikin tsarin. Wasu ƙasashe sun riga kowa: Amurka ta yi dokarta a 1975, Italiya ta soke azuzuwan da ake ware irin waɗannan yara a 1977. Bayan maganar haƙƙi akwai maganar yawa. A 2021 UNICEF ta ƙiyasta cewa yara masu naƙasa a duniya sun kusa miliyan 240, wato kimanin yaro ɗaya cikin goma. Makarantu na musamman ba za su taɓa ɗauke wannan adadi ba, kuma yaron da makarantar kusa da gidansu ta ƙi karɓa, galibi zaman gida ne makomarsa. Ɗaya cikin goma kuma yana nufin tun kafin a kawo miki waɗannan ukun, da wuya a ce babu wasu irinsu a ajinki da ba wanda ya lura da su.

Duk da haka tsoron da kike ji yana da tushe. Kwamitin da ke sa ido kan waccan yarjejeniya ya faɗa ƙarara a 2016 cewa ajiye yaro a aji ba tare da an taɓa tsarin ajin da manhaja da hanyar koyarwa ba, bai kai a kira shi shigar da yaro cikin ilimi ba. Na ga yara da yawa da sunansu yake rijista, suna zuwa kullum, ana ciyar da su gaba duk shekara, amma darasi yana wuce su a tsaye. Wannan shi ne abin da nake so ki guje wa, kuma hanyar guje masa ita ce ki gano daidai wurin da darasinki yake katsewa kafin ya isa wurin kowane ɗayansu. Wurin katsewar ya bambanta ga kowannensu, don haka kada ki haɗa su a benci ɗaya a matsayin "masu matsala". Ba abin da ya haɗa su sai ranar da aka kawo su.

Ki sami ƙaramin littafi, ki ware wa kowane yaro shafuka. Makonni biyu na farko ki riƙa rubuta abin da idonki ya gani: yaushe ya bi darasi, yaushe ya ɓace, me yake iyawa, me yake so, wa yake zama kusa da shi a lokacin tara. Sanya wa matsala suna aikin likita ne da masanin halayyar yara, ki bar musu. Naki shi ne kwatanta abin da yake faruwa, kuma wannan kwatancin ya fi amfani ga darasin gobe. Ki zauna da iyaye, ki tambaye su yadda suke fahimtar juna da yaron a gida, me yake tayar masa da hankali, me yake kwantar masa. Uwa ta san abubuwan da ba za ki gano ba ko da kin shekara. Sannan ki nemi a gwada ido da kunnen dukkan su ukun, har wanda ba a yi ƙorafin idonsa ko kunnensa ba. Sau da yawa yaron da ake ce wa ba ya ganewa tabarau kawai yake buƙata, ko ruwa ne ya taru a bayan dodon kunnensa bayan mura. Haka kuma in kin ga yaro yana ƙamewa na 'yan daƙiƙoƙi, idonsa a buɗe, ki kira shi bai amsa ba, sannan ya dawo kamar ba abin da ya faru, ki faɗa wa iyayensa su kai shi asibiti, domin akwai nau'in farfaɗiya da ba ya kayar da mutum, sai a yi ta zaton rashin mai da hankali ne.

Bari in daɗe a kan yarinyar, don matsalarta ce ta fi saurin ɓoyuwa. Na taɓa zama a bayan wani aji ina kallon wata yarinya irinta. Malamin yana bayani fuskarsa na kallon allo, alli a hannu. Ya ce a buɗe shafi kaza, yara suka buɗe. Ita ba ta motsa ba sai da ta saci kallon littafin ta kusa da ita, sannan ta buɗe. Aka yi dariya, ta yi dariya bayan kowa ya fara. Malamin ya juyo ya ce mata, "Kin gane?" ta gyaɗa kai. A wurinsa yarinya ce mai ladabi da ba ta da surutu. A gaskiya tun safe kwaikwayon motsin 'yan ajin take yi, kuma ta ƙware a kai har ba a gane ta.

Don haka ki daina tambayarta ko ta gane. Ki ce ta nuna miki, ko ta faɗa miki abin da za a yi yanzu. Ki zaunar da ita gaba, amma layi na biyu a gefe ya fi tsakiyar layin farko, saboda daga nan za ta ga fuskarki ta kuma iya juyawa ta ga wanda yake magana a cikin aji. Kunnen da ya fi ji shi zai kalli ɓangarenki. Nisa yana da tasiri fiye da yadda ake zato: a ƙa'idar sauti, duk lokacin da tazara ta ninka, ƙarfin murya yana raguwa da kimanin desibel 6 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), ga kuma hayaniyar jan benci da ta ajin maƙwabta tana danne abin da ya rage. Kada ki yi magana kina rubutu a allo, ki rubuta, ki juyo, sannan ki yi magana. Kada ki tsaya taga tana bayanki, fuskarki za ta yi duhu. Kada ki ɗaga murya ko ki riƙa wage baki, hakan ɓata siffar leɓe yake yi. In wani yaro ya ba da amsa daga baya, ki nuna shi, ki maimaita abin da ya ce, in ba haka ba rabin darasin ya wuce ta. Sababbin kalmomin darasi ki rubuta su a gefen allo tun kafin a fara. In tana da na'urar ƙara ji, a duba batirinta kowace safiya, ki kuma tuna na'urar tana ƙara hayaniya kamar yadda take ƙara muryarki.

Kada ki dogara da cewa tana karanta leɓe. Ki tsaya gaban madubi ki furta "baki" da "maki" ba tare da sauti ba, za ki ga leɓenki abu ɗaya suka yi. Sautuka irin su k da ƙ da g can cikin baki ake yin su, ba a ganin su, tashi da saukar murya ma ba a gani. Karanta leɓe cike gurbi ne da hasashe, kuma yana gajiyar da ƙwaƙwalwa matuƙa. In kin ga ta kwantar da kai a teburi wajen ƙarshen rana, gajiya ce ta gaske.

Duk wannan yana aiki ne in tana ji ko da kaɗan ne, tana kuma da magana. In gwaji ya nuna kurumtar ta yi zurfi, to lamarin ya canza, babbar buƙatarta harshe ce, wato maganar hannu. Maganar hannu cikakken harshe ce mai nahawunta, masanin harshe William Stokoe ya nuna haka a Amurka tun 1960. An taɓa yin babban kuskure a nan: taron malaman kurame na birnin Milan a 1880 ya yanke cewa a koyar da kurame da maganar baki kawai, aka kori maganar hannu daga makarantu da dama na tsawon shekaru masu yawa, sai a 2010 taron ya yi watsi da wannan matsaya a birnin Bankuba na Kanada. Yaron da ba ya ji, aka ajiye shi a ajin da ba mai iya maganar hannu, ya fi kowa kaɗaici ko da yara saba'in ne kewaye da shi. Takardar Salamanka da kanta ta yarda cewa kurame, saboda buƙatarsu ta sadarwa, iliminsu yana iya fi kyau a makaranta ta musamman ko a sashe na musamman cikin makarantar kowa da kowa. In haka ne, sai a nema mata tafinta ko sashen kurame inda za ta sami yara da manya masu harshenta. Faɗin haka ba korar ta ba ne, kuma kada kunya ta hana ki faɗa.

Yaro na biyu kuwa labarinsa tsoho ne. A 1896 wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya rubuta labarin yaro ɗan shekara 14, mai hazaƙa, wanda ya kasa koyon karatu, har malaminsa ya ce da a ce da baki kawai ake koyarwa da shi ne zai fi kowa a makarantar. Yau ana kiran irin wannan disleksiya. Ba na cewa ita ce take damun ɗalibinki, sai an fara kawar da matsalar ido da kunne, da yawan fashin makaranta, da batun ko harshen da ake koyar da karatu da shi baƙo ne a wurinsa. Amma ko ita ce ko ba ita ba, maganin kusan ɗaya ne. Tushen matsalar galibi ba a ido yake ba, a wajen rarrabe sautukan da ke cikin kalma ne da haɗa kowane sauti da harafinsa. Juya b da d da mutane suka fi sani abu ne da yara da yawa suke yi har wajen shekara bakwai, shi kaɗai ba hujja ba ne.

Gwada shi da baki, ba littafi. Ki ce "gari", ki tambaye shi sautin farko. Ki ce ya cire shi ya sa "f", me ta zama? In ya sa "b" fa? Yaron da zai iya ba ki labari mai tsawo tiryan-tiryan sai ki ga ya tsaya cak a nan, yana kallonki. To kin gano inda za ki fara. Minti goma zuwa goma sha biyar kullum, shi da wasu uku ko huɗu da karatunsu yake rarrafe (na tabbata ba za ki rasa su ba), lokacin da sauran suke aikin aji. Sauti ɗaya, harafinsa, ya faɗa, ya rubuta da yatsa a teburi, ya rubuta a littafi, ya haɗa shi da waɗanda ya riga ya sani ya yi gaɓa, gaɓa ta zama kalma. Kada ki wuce zuwa sabo sai na jiya ya zauna, kuma kowace rana ki fara da bitar na baya. Kaɗan kullum ya fi awa guda sau ɗaya a mako nesa ba kusa ba.

Kafin karatun ya kama, kada sauran ilimi ya tsaya jiransa. A kimiyya da zamantakewa a karanta masa, ya amsa da baki ko da zane. Ki tambayi kanki kafin kowace jarrabawa: me nake son aunawa? In sanin sassan tsiro ne, to rashin iya karanta tambayar bai kamata ya kayar da shi ba. In karatu ne ake aunawa, sai a auna karatu. Ki rage masa kwafe daga allo, domin yaron da yake ɗaukar harafi ɗaya-ɗaya ya ɗaga kai ya sunkuya zai ƙare lokacin darasi bai fahimci ko layi ɗaya ba. Abu ɗaya nake roƙonki da babbar murya: kada ki tayar da shi ya karanta a gaban aji ba shiri. In kina son ya karanta, ki ba shi layi biyu tun jiya ya yi ta bita. Irin waɗannan yara sun sha jin "malalaci" da "daƙiƙi", wasu sun sha bulala, alhali sun fi kowa wahala a kan kowace kalma. Da yawansu sukan gwammace a san su da tsokana da rashin ji a kan a san ba su iya karatu ba, kuma daga nan ake rasa su.

Na uku shi ne zai fi cin ƙarfinki, ba zan ɓoye miki ba. Abin da kika kwatanta yana iya zama otizim, wato lalurar da take shafar yadda yaro yake sadarwa da mu'amala da mutane, yana iya zama lalurar rashin natsuwa da yawan motsi, yana iya zama wani abu daban, likita ne zai tantance. In iyaye suka tambaye ki, ki tabbatar musu ba rashin tarbiyya ne yake kawo otizim ba, ba kuma allurar rigakafi ba: binciken 1998 da ya yaɗa wannan zargi, mujallar da ta buga shi ta janye shi a 2010. Abin da zai taimake ki a aji shi ne sanin cewa ihun yana da dalili, kuma littafinki ne zai tona shi. Duk lokacin da abin ya faru ki rubuta abu uku a layi ɗaya: me ya gabata, me ya yi, me ya biyo baya. Misali: an kaɗa ƙararrawa, yara sun tashi da hayaniya, ya toshe kunne ya yi ihu, na fitar da shi waje, ya yi shiru. Bayan kwanaki za ki ga abu ɗaya yana maimaituwa, ko ƙara ce, ko sauya darasi ba sanarwa, ko aikin da ya fi ƙarfinsa, ko yunwa. Za ki kuma ga cewa in ihu ne kaɗai yake fitar da shi daga hayaniya, to ihun zai ci gaba. Sai ki ba shi wata hanyar: ɗan kati da zai ɗaga in yana son fita na minti biyar, ko ki bar shi ya fita minti ɗaya kafin ƙararrawa.

Irin wannan yaro yana samun natsuwa in ya san abin da yake zuwa. Ki zana jadawalin rana da hotuna masu sauƙi a gefen allo, ki riƙa goge abin da aka gama. Kafin a canza aiki ki sanar: saura minti biyar mu rufe lissafi. Umarni ya zama gajere, ɗaya bayan ɗaya, ki kira sunansa tukuna, ki faɗi abin da za a yi maimakon abin da za a bari, "zauna a kujerarka" ya fi "daina yawo". Habaici da zaurance ba lallai su isa gare shi ba. Kada ki tilasta masa kallon idonki, da yawansu sun fi saurare in ba sa kallon fuska. Motsin kuma ki ba shi mafita, shi ne mai raba littattafai, shi ne mai goge allo. In abin ya riga ya ɓarke, ki rage magana, ki janye yara daga kusa da shi, ki kawar da abin da zai ji masa ciwo, ki jira. Nasiha a wannan lokacin ba ta shiga, duka kuwa ƙara rura abin yake yi, gobe ya zo makaranta a tsorace.

Akwai wani abu ƙarami da zai amfani su ukun duka. Mary Budd Rowe, wata masaniyar koyar da kimiyya a Amurka, ta auna a shekarun 1970 cewa malamai sukan jira kimanin daƙiƙa ɗaya kacal bayan sun yi tambaya, kuma in jiran ya kai daƙiƙa uku ko fiye, amsoshi sukan yi tsawo, yaran da ba sa magana su fara ɗaga hannu. Ga waɗannan yaran ki ƙirga har goma a zuci, kuma kada ki sake fasalin tambayar a tsakiya, don sai ya koma farko wajen fahimta.

Maganar cutar da sauran yara kuma, tambaya ce ta adalci, kin kyauta da kika yi ta. Wani nazari da masana a Jami'ar Manchester suka buga a 2007 ya tattara bincike 26 kan wannan batu, ya gano cewa kashi 81 cikin ɗari na sakamakon sun nuna ko dai ba wani tasiri a kan karatun sauran yara, ko kuma tasiri mai kyau. Inda aka fi samun wahala shi ne inda akwai matsalar hali mai tsanani ba tare da tallafi ba. Dalilin da ya sa ba a cutuwa a bayyane yake in kin duba abubuwan da na lissafa: fuskantar aji in ana magana, rubuta sababbin kalmomi, gajeren umarni, jadawali a allo, koyar da sauti daki-daki, jira bayan tambaya. Wane yaro ne waɗannan za su cuta? Wani mai zanen gine-gine Ba'amurke, Ron Mace, wanda shan inna ya sa shi a keken guragu, ya yi suna da ra'ayin cewa a tsara gini tun farko yadda kowa zai iya amfani da shi. Gangaren da aka yi a ƙofa don mai keke, tsoho da mai ɗauke da kaya da mai ciki duk ta nan suke bi. Darasi ma haka yake. Ba darasi huɗu za ki shirya ba, darasi ɗaya ne mai matakai: kowa yana kan batu ɗaya, wani yana yin tambaya goma, wani uku da ƙirga da duwatsu, wani yana amsawa da baki.

Yaran ajin su ne babban jarinki, amma a yi hattara. Ki riƙa juya masu taimako mako-mako, kada yarinya ɗaya mai kirki ta zama 'yar aikin wani har nata karatun ya taɓu. Ki koya musu cewa taimako shi ne nuna shafi da maimaita umarni, ba rubuta wa mutum amsa ba. A aikin rukuni kowa ya sami aikin gaske, har da su ukun, kuma ki nemi inda su ma za su taimaki wasu: mai wahalar karatun nan wataƙila shi ya fi kowa iya bayani da baki. Tsokana da sunayen banza ki tare su tun ranar farko, a natse, ba sassauci. Yara suna kallon fuskarki, yadda kika kira yaro haka za su kira shi. In makaranta ta ba ki mataimaki, ki yi murna, amma ki san abin da wani babban bincike a Ingila ƙarƙashin Farfesa Peter Blatchford ya gano a 2009: yaran da suka fi samun taimakon mataimakan malamai sun fi jinkirin ci gaba a kan takwarorinsu masu irin buƙatarsu. Ba don mataimakan ba su da himma ba, sai don malamin aji yakan sakar musu yaron gaba ɗaya, wanda ya fi buƙatar ƙwararren malami ya zama shi ne mafi ƙarancin samun sa. Don haka wani lokaci mataimaki ya zagaya cikin aji, ke ki zauna da yaron.

Abin da na fi tsoro a wurin malamai masu zuciya mai kyau shi ne tausayin da yake sa a daina tsammanin komai daga yaro. A ba shi takarda ya yi ta zane a baya, a ba shi maki kyauta, a ce ai lalura ce. Yaron yana ganewa sarai, kuma yana yi masa ciwo. Ki sauƙaƙa hanya, ki ƙara lokaci, ki rage yawa, amma ki ci gaba da neman aiki daga gare shi, ki kuma gyara masa in ya yi kuskure kamar kowa. Don kada wannan ya zama fatar baki, ki rubuta wa kowannensu shafi ɗaya: abin da ya iya yanzu, buri biyu ko uku na wannan zangon, abin da za ki yi, abin da iyaye za su yi a gida. Burin ya zama abin da za a iya gani, kamar "zai karanta kalmomi ashirin masu gaɓa biyu" ko "zai zauna minti goma a kan aiki ɗaya". A Amurka irin wannan tsari na kowane yaro doka ce ta wajabta shi, amma ko babu doka shafi ɗaya ya isa ya tsare ki daga mantuwa. Ki tambayi yaran da kansu ma. Yarinyar ta san wurin da ta fi ji a ajin fiye da ni da ke.

Da wannan shafi da littafin lurarki za ki je wurin shugaban makaranta, kina neman abubuwa takamaimai: takardar tura yaran gwaji, ajin da ya fi nisa da hayaniya, ƙarin lokaci da mai karanta tambaya a jarrabawa, wani babba da zai zo in yaro na uku ya rikice don kada ki bar aji ba kowa, ziyarar malamin ilimi na musamman ko da sau ɗaya a wata, da horo gare ki. Buƙatar da aka rubuta da hujja ta fi wuyar turewa a kan kukan "na gaji". In zango ya ƙare, ku zauna da iyaye ku duba shafin tare. In an yi duk abin da ya kamata amma yaro ba ya motsawa, ko yana ji wa kansa da wasu ciwo, to a tattauna ƙarin tallafi ko wani wuri na wani ɓangaren rana, bisa abin da aka rubuta. In kuma shekara ta ƙare suna tare da ke, kada ki bari su shiga aji huɗu a fara daga farko. Ki zauna da malamin da zai karɓe su, ki miƙa masa littafin, ki nuna masa inda yarinyar take zama, sautin da yaron ya tsaya a kai, da katin da ɗayan yake ɗagawa in yana son fita.